Yadda Marion Barry ya koma kujerar magajin garin Washington bayan ya fito daga gidan yari

Tambaya: An ce akwai wani magajin gari a Amurka da hukumar binciken manyan laifuka ta FBI ta ɗauka a bidiyo yana busa hodar iblis, aka ɗaure shi, da ya fito kuma jama'a suka sake zaɓensa. Gaskiya ne? Idan gaskiya ne, yaya doka ta ƙyale, kuma me ya sa mutane suka yi haka?

Amsa: Gaskiya ne, malam. Sunansa Marion Barry. Ya yi magajin garin Washington, babban birnin Amurka, daga 1979 zuwa 1991, ya yi wata shida a gidan yari, sannan ya dawo kujerar daga 1995 zuwa 1999. Amsar ɓangaren doka gajera ce, za mu zo kanta. Ta ɓangaren jama'a ce ke buƙatar a fara sanin irin birnin da ake magana a kai, domin wanda ya kalli bidiyon nan kaɗai zai ɗauka mutanen Washington sun zautu ne, alhali suna da lissafinsu.

Washington ba ta cikin kowace jiha. Tsarin mulkin Amurka ya danƙa ta kai tsaye a hannun Majalisar Dokoki ta tarayya. Za a iya tuna Abuja, sai dai ɗan Abuja yana da sanata da 'yan majalisar wakilai biyu masu ƙuri'a. Ɗan Washington har yau ba shi da sanata, wakili ɗaya tilo da yake turawa kuma ba ya jefa ƙuri'a idan an zo zartar da doka. Daga 1874 zuwa 1967 kwamishinoni uku da shugaban ƙasa ke naɗawa ne suke gudanar da birnin, kuɗinsa kuma yana hannun wani kwamitin majalisa da 'yan siyasar kudancin ƙasar masu ra'ayin wariyar launin fata suka daɗe suna riƙe da shi. Shugaban kwamitin na tsawon shekaru, John McMillan na jihar South Carolina, shi ne wanda ya aika wa Walter Washington, baƙar fatar da Shugaba Johnson ya naɗa ya jagoranci birnin a 1967, mota cike da kankana lokacin da ya kawo kasafin kuɗinsa na farko. A Amurka wannan zagi ne na ƙasƙanci ga baƙar fata, kowa ya san abin da ake nufi. A ƙidayar 1970 kuwa kusan kashi 70 cikin 100 na mazauna birnin baƙaƙe ne. Sai a 1973 aka yi dokar da ta ba su damar zaɓen magajin gari da majalisar birni, zaɓen farko ya gudana a 1974.

Ko wannan dokar ma da ƙulle-ƙulle ta zo, kuma ƙulle-ƙullen suna da hannu a duk abin da ya biyo baya. Majalisar tarayya ta riƙe ikon duba kasafin birnin da soke dokokinsa. An hana birnin karɓar harajin albashi daga waɗanda ke aiki a cikinsa amma suke kwana a jihohin Maryland ko Virginia da ke maƙwabtaka da shi, alhali su ne ke kwashe wajen kashi biyu cikin uku na kuɗin da ake samu a birnin. Filaye da gine-gine masu yawa na gwamnatin tarayya ne ko na ofisoshin jakadanci, ba a biyan harajinsu. An kuma ɗora wa birnin nauyin da a wasu wurare jiha ce ke ɗauka: gidajen yari, kotuna, rabin kuɗin lafiyar marasa galihu, da bashin fanshon 'yan sanda, ma'aikatan kashe gobara da malamai wanda gwamnatin tarayya ta yi alkawari ba ta tanadi kuɗinsa ba. Abu na ƙarshe, wanda ya fi shafar tambayarka: mai gabatar da ƙara a manyan laifuka a Washington shugaban ƙasa ne ke naɗa shi, mutanen birnin ba su da ta cewa.

Barry ɗan talakawa ne daga Itta Bena a jihar Mississippi, an haife shi a 1936, ya tashi a Memphis. Ya yi digiri na biyu a ilimin sinadarai a Jami'ar Fisk, ya bar karatun digirin digirgir ya shiga gwagwarmayar 'yancin baƙar fata. A 1960 shi ne shugaba na farko na SNCC, ƙungiyar ɗaliban da ke zaman dirshan a gidajen abincin da aka hana baƙaƙe shiga. Ya zo Washington a 1965. A 1967 ya kafa Pride Inc. tare da Mary Treadwell, da kuɗin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, suna ɗaukar samari marasa aikin yi, har da waɗanda suka taɓa zaman gidan yari, su share lunguna su kashe ɓeraye a biya su. Daga nan ya shiga hukumar makarantu, sai majalisar birni a 1974. A watan Maris na 1977 wasu 'yan bindiga masu kiran kansu Hanafi suka mamaye gine-gine uku har da sakatariyar birnin, harsashi ya same shi a ƙirji kusa da zuciya, ya rayu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Democrat a 1978 ƙuri'un fararen fata masu sassaucin ra'ayi da goyon bayan jaridar Washington Post ne suka ɗaga shi. Ya kayar da magajin gari mai ci, Walter Washington, da shugaban majalisar birni, Sterling Tucker, da tazara ƙarama ƙwarai, kowannensu yana da wajen kashi ɗaya cikin uku. Dattawan baƙaƙe masu hali na birnin a lokacin kallon ɗan tasha suke yi masa. Daga baya ne tushen ƙuri'arsa ya sauya gaba ɗaya.

Abubuwan da suka sauya shi ana iya ƙirga su. Na farko, shirin aikin bazara na matasa da ya fara a 1979: lokacin dogon hutun makaranta, duk yaron birnin da ya kai shekara 14 ya nemi aiki za a tura shi wani ofishi, asibiti, filin wasa ko kamfani na wasu makonni, birni ya biya shi. Ga yaron da babu mai albashi a gidansu, wannan ne karo na farko da ya sa hannu a takarda ya karɓi kuɗin guminsa, ya kuma san yadda ake zuwa aiki a kan lokaci. Har yau a Washington za ka ji dattijo yana cewa Barry ne ya ba shi aikinsa na farko, kuma wanda ya faɗi haka ba ya sauraron wata hujja. Na biyu, kwangila. Dokar birnin ta kai ga ware kashi 35 cikin 100 na kwangilolin gine-gine ga kamfanonin tsiraru, wato na baƙaƙe da sauran waɗanda ba fararen fata ba, Barry kuma ya matsa aka aiwatar, har wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta taka wa tsarin birki a 1992. Na uku, aikin gwamnati. Ya buɗe ofisoshin birni ga baƙaƙen da a da iyakarsu masinja ko mai shara, ma'aikata suka haura 40,000 a birnin da mutanensa ba su wuce 600,000 da 'yan kai ba. Ya kuma gina babbar cibiyar ofisoshin gwamnati ta Reeves a mahaɗar titin 14 da titin U, unguwar da ta ƙone a tarzomar 1968 aka bar ta kango, aka buɗe a 1986. A wa'adinsa na farko ma an yaba masa wajen kuɗi: ya sa aka yi wa asusun birnin cikakken bincike, ya rage ma'aikata, har daga baya birnin ya samu damar sayar da takardun lamuni a kasuwa.

To amma hanyar da ya bi ya samu wannan ƙaunar ita ce ta cinye gwamnatinsa. Idan aikin gwamnati ya zama sakayya, korar wanda ba ya aiki takan gagara, domin kowane ma'aikaci yana da gidan da ke jefa ƙuri'a. Idan kwangila ta zama ta na-kusa, babu mai zuwa duba ko an yi aikin. A 1985 Ivanhoe Donaldson, abokinsa tun zamanin gwagwarmaya kuma mataimakinsa, ya amsa laifin sace kusan dala 190,000 na birni, aka yanke masa shekara bakwai. Wani mataimakin, Alphonse Hill, shi ma ya tafi gidan yari kan harkar kwangila. Shi Barry ba a taɓa samunsa da laifin satar kuɗin gwamnati ba, kuma ya kamata a faɗi wannan a fili, duk da shekarun da masu bincike suka kwashe suna nema. A watan Janairun 1987 dusar ƙanƙara ta rufe titunan birnin yana California wajen kallon wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, bai dawo da wuri ba, motocin share titi kuma ba su wadatar ba. Motar asibiti takan ɓata hanya ko ta makara. Gidajen gwamnati na talakawa dubbai sun zauna a rufe da katako alhali jerin masu jira ya yi tsawo. Ƙararrakin da aka shigar kan kula da marayu, gidan gyaran yara, masu taɓin hankali da gidajen talakawa sun kai ga alƙalai sun ƙwace wasu daga cikin hukumomin nan sun naɗa musu masu riƙo a shekarun 1990.

A ganina wannan ne laifinsa mafi girma, ya fi na bidiyon nauyi, domin waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsa su ne talakawan da suka fi kowa sonsa. Mai kuɗi a arewa maso yammacin birnin yana da makarantar kuɗi da likitansa. Matar da ke jiran motar asibiti a unguwar talakawa ta Anacostia ba ta da wata mafita.

Ana cikin haka sai crack ta shigo, wato hodar iblis da ake dafawa ta zama ƙanƙanan duwatsu ana busawa a bututu, mai arha mai saurin kama mutum. A 1985 kisan kai a birnin bai kai 150 ba. A 1990 ya haura 470, aka riƙa kiran Washington hedikwatar kisa ta Amurka. Magajin garin da ke shiga makarantu yana gargaɗin yara shi kansa ya kamu. A Disambar 1988 'yan sanda suka je otal ɗin Ramada binciken wani Charles Lewis da ake zargi da harkar ƙwaya, suka janye da suka gano magajin gari yana ɗakin. Daga baya Lewis ya koma mai ba gwamnati shaida.

Tarkon kansa an ɗana shi ne ranar 18 ga Janairun 1990 a otal ɗin Vista. FBI ta kawo wata tsohuwar budurwarsa wadda ita ma take da matsala da doka, aka ɓoye kyamarori a ɗakin, jami'ai suna ɗakin da ke kusa. Ya zo, aka daɗe ana hira, bidiyon ya nuna hankalinsa ya fi karkata ga matar, ita kuma tana ta jawo zancen ƙwaya. Ya ba da kuɗi, wata jami'ar da ta ɓad da kama ta kawo kayan, ya kunna bututun ya zuƙa sau biyu. Yana shirin fita suka faɗo ɗakin. Abin da aka ji yana maimaitawa shi ne zagin matar da cewa ita ta haɗa masa gadar zare.

Yanzu ga dokar. An tuhume shi da laifuka 14. Uku manya ne, na yin ƙarya bayan rantsuwa a gaban kwamitin 'yan ƙasa da ke tantance ko akwai hujjar gurfanar da mutum. Sauran 11 ƙanana ne: goma na mallakar hodar, ɗaya na haɗa baki don mallakarta. A kotun tarayya mutum 12 ne daga cikin jama'ar gari ke yanke ko an yi laifi, kuma dole bakinsu ya zo ɗaya a kan kowace tuhuma, ko mutum ɗaya ya ƙi, tuhumar ta tsaya cik. Lauyansa, Kenneth Mundy, bai ɓata lokaci wajen musun abin da ido ya gani ba. Ya yarda cewa Barry yakan sha, ya mayar da shari'ar kan gwamnati: shekara nawa da kuɗi nawa aka kashe ana farautar mutum ɗaya, shaidun nan wace rangwame aka yi musu, kuma wa ya kawo ƙwayar ɗakin? A watan Agustan 1990 suka same shi da ƙaramin laifi ɗaya na mallaka, wanda ya faru tun a 1989, suka wanke shi a ɗaya, suka kasa daidaitawa a kan 12. Tuhumar otal ɗin Vista, wadda duniya ta kalla, tana cikin waɗanda aka kasa daidaitawa a kai. Masu gabatar da ƙara ba su sake shigar da su ba. Alƙali Thomas Penfield Jackson ya yanke masa wata shida, ya shiga a Oktoban 1991 ya fito a Afrilun 1992. Ƙaramin laifi irin wannan bai hana mutum tsayawa takara a Washington ba, shi ya sa hanya ta kasance a buɗe. Bai ma sauka daga kujera ba lokacin shari'ar, ya dai fasa neman wa'adi na huɗu ya ƙarasa wanda yake kai.

Yadda baƙaƙen birnin da yawa suka karanta shari'ar ya bambanta da yadda sauran ƙasar ta karanta. Mai gabatar da ƙara, Jay Stephens, gwamnatin Republican ce ta naɗa shi, a birnin da kusan kowa ɗan Democrat ne. Dokar tarayya ta 1986 ta sa giram 5 na crack ya jawo ɗaurin dole na shekara biyar daidai da giram 500 na garin hodar, kuma kowa ya san 'ya'yan wa ake kamawa da crack. FBI ɗin ma ita ce wadda ta yi wa Martin Luther King leƙen asiri. Mutum yana iya jin kunyar abin da Barry ya yi, ya kuma ji cewa waɗanda ba su taɓa son birnin ya mulki kansa ba ne suka tozarta shi da gangan. Mutane da yawa sun riƙe duka biyun a zuciya ɗaya. Ba kuma nan take aka yafe masa ba: a Nuwamban 1990 ya nemi kujerar majalisar birni ya faɗi.

Dawowarsa lissafin mazaɓa ce. Ya koma Mazaɓa ta 8, tsallaken kogin Anacostia, mafi talauci a birnin, inda da wuya ka sami gidan da ba shi da wanda ƙwaya ta taɓa ko aka ɗaure. Ya riƙa sa tufafin Afirka, yana zaga coci-coci da zancen faɗuwa da tuba da tashi, harshen da masu zuwa cocin baƙaƙe suka taso da shi. A 1992 ya kayar da Wilhelmina Rolark, mai riƙe da kujerar mazaɓar, ya shiga majalisar birni. A 1994 ya sa aka yi rajistar sababbin masu zaɓe a unguwannin da ba a saba fitowa ba. Abokan hamayyarsa a zaɓen fid da gwani biyu ne, John Ray da magajiyar gari mai ci Sharon Pratt Kelly, wadda giɓin kasafi ya riga ya karya. A lokacin dokar zaɓen ba ta buƙatar rabin ƙuri'u, wanda ya fi yawa shi ya ci. Barry ya samu wajen kashi 47, Ray 37, Kelly 13. Da mutum ɗaya ya fuskanta, da labarin yana iya sauyawa. A babban zaɓe Carol Schwartz ta Republican ta samu kashi 42, abin da ɗan jam'iyyarta ba ya samu a Washington, shi kuma ya ci da 56. Ƙuri'ar ta rabu kusan daidai da launin fata da unguwa.

Abin da ya tarar ya fi ƙarfinsa. A farkon 1995 aka bayyana giɓin dala miliyan 722, masu auna bashi suka mayar da takardun lamunin birnin marasa daraja, ma'ana ba mai ba shi rance sai da ruwa mai tsada. Wani ɓangare na ramin an haƙa shi zamanin Kelly, wani tun zamaninsa na ɗaukar ma'aikata barkatai, wani kuma ƙulle-ƙullen 1973 ne. 'Yan Republican sun karɓe majalisar tarayya a daidai lokacin, ba kuma wanda zai miƙa wa Barry kuɗi hannu da hannu. A Afrilun 1995 Shugaba Clinton ya sa hannu a dokar kafa hukumar sa ido ta mutum biyar ƙarƙashin Andrew Brimmer, mai ikon soke kasafi da kwangila. Aka kuma ƙirƙiro babban jami'in kuɗi wanda magajin gari zai naɗa amma ba zai iya kora shi kaɗai ba. Barry ya naɗa Anthony Williams, wanda daga baya ya gaje shi. A 1997 aka ƙwace manyan hukumomi tara daga hannunsa, aka bar masa irin su wuraren shaƙatawa, ɗakunan karatu da yawon buɗe ido. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta karɓi bashin fanshon da ya kusa dala biliyan 5, ta ɗauki nauyin fursunoni da kotuna, ta ɗaga kasonta na kuɗin lafiyar marasa galihu daga kashi 50 zuwa 70. Wannan ya tabbatar da ƙorafin da Barry ya daɗe yana yi cewa an ɗora wa birnin kayan da ba nasa ba. Sai dai gyaran ya zo ne bayan mutumin da ya shigo Washington don neman mata 'yancin mulkin kai ya zauna a kujera ana kwashe 'yancin a gabansa. Hukumar sa idon ba ta janye ba sai 2001, bayan kasafi huɗu a jere ba giɓi.

Bai nemi wa'adi na biyar ba. A 2004 Mazaɓa ta 8 ta sake tura shi majalisar birni, ya zauna a can har mutuwarsa, rigima kuma ba ta rabu da shi ba. A 2005 ya amsa laifin ƙin shigar da takardun haraji, gwajin da kotu ta sa aka yi masa ya nuna hodar iblis da wiwi, a 2006 aka yi masa ɗaurin talala na shekara uku. A 2010 abokan aikinsa suka tsawata masa a hukumance suka karɓe shugabancin kwamitinsa, kan kwangilar dala 15,000 da ya sa aka ba wata da yake nema. A 2012 ya yi maganar ɓatanci kan shagunan 'yan Asiya a mazaɓarsa, ya nemi afuwa. A 2013 aka sake tsawata masa kan karɓar dala 6,800 daga 'yan kwangila. Duk da haka bai taɓa faɗuwa zaɓe a mazaɓar ba.

Ya rasu ranar 23 ga Nuwamban 2014 yana da shekara 78. A 2018 birnin ya kafa mutum-mutuminsa a bakin sakatariyar da aka harbe shi a ciki, a kan titin Pennsylvania. Shirin aikin bazara yana nan da sunansa, yanzu yana ɗaukar matasa daga shekara 14 zuwa 24.